Sunan da Na Cire Daga Kiɗa

Shagona yana kan hanyar da ta bi ta bayan kasuwar Arlit ta nufi tasha. Daga gaba, aikin da kowa ya san ni da shi nake yi: cajin salula da zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi a kart memuwar. Bayan labule kuma akwai ɗan ɗaki da na lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai da tsofaffin barguna, a nan nake haɗa kiɗa. Ordinatar, wato kwamfutar da nake aiki da ita, na saye ta a hannun wani ma'aikaci da ya tattara kayansa zai koma Maradi, shekarar da aka rufe ramin haƙar yuraniyom na Akokan. Ban yi nisa a lekol ba, daga firamare na tsaya, saboda haka Faransancin da ke cikinta ba duka nake ganewa ba. Wuraren dannawa kawai na haddace, in na ɓata in koma farko.

Kiɗan namu ba a sa shi a rediyo. Babu mawaƙi mai jera baiti a ciki. Bugu ne mai sauri wanda na'ura ke maimaitawa, ni kuma in ɗora masa abin da na ɗauko da mikro a cikin gari: ƙwarya da aka kifa a kan ruwa, tafin mata a wurin kiɗan tende na Abzinawa, ƙarar duro in an buge shi da silifa. Dattawa suna ce masa hayaniya, ban kuma taɓa yi musu gardama ba. Masu sonsa ƴan kabu-kabu ne, da masu haƙar zinariya, da ƴan mata in biki ya kai yamma manya sun shige cikin gida. Duk sautin da zan ɗauka sai na nemi izinin mai shi. Akwai wata mata da na yi ta komawa gidanta don in tabbatar ta gane cewa dakanta zai shiga kiɗan rawa, har ta gaji da ni ta ce in ɗauki turmin ma in tafi da shi.

Muna da ɗan kamfani, in za a iya kiransa haka. Ni ne da ɗakin da na'urar, sai matasa kaɗan da nake fitar da aikinsu, da wani tambari da na zana da hannuna muke mannawa a ledar kart. In sabon kiɗa ya fito, in kai wa masu zuba kart na Arlit da Akokan, su zuba wa duk wanda ya zo, daga nan ya bi salula zuwa salula. Cikin waɗanda nake aiki da su, wanda na fi jingina da shi wani Ba'abzine ne mai jita. Makanike ne, sai ya tashi daga garaji yake zuwa, ya wanke hannu da omo a bakin shago, duk da haka igiyoyin jitarsa kullum da baƙin mai. Shi yake sa wa bugun nawa rai. In babu jitarsa, ni kaina na sani, abin nawa a bushe yake.

Wansa direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana kai ruwa da gari da albasa da mutane Tchibarakaten, inda ake haƙar zinariya. Dogo ne mai dariya da ƙarfi, Hausarsa irin ta mutanen dutse, mota ya ce mata shi, mace ma ya ce mata shi. Shi ya buɗe mana kasuwar can. Duk tafiya sai ya biyo shago in ba shi kart ɗin sabon kiɗa, ya jefa a gwangwanin shayinsa, ya kai wa mai zuba kart na wajen haƙa. A hanya kuma ya kunna wa fasinja a lasifikar mota, ko suna so ko ba sa so. In ya dawo ya kawo mini labari: wannan an yi rawa da shi, wancan an ce a kashe, wannan kuwa har mai sayar da shinkafa ta tambayi wanda ya yi. Bai taɓa karɓar komai a hannuna ba. Da na matsa, sai ya ce shi bai taɓa jin an biya mutum don ya ɗauki abin da bai kai ƙwallon dabino nauyi ba. Makaɗi marar ganga yake kirana, tun daga nesa, a gaban kowa.

Abin ya tsaya mini a rai. Ba na iya zama da alherin mutum ban rama ba. Matata ce ta ce in yi abin da makaɗan garinmu suke yi. Mu mutanen Damagaram ne, a wajenmu wanda ya yi wa makaɗi alheri sunansa ake ambata a cikin kiɗa jama'a su ji. Da ya dawo daga wata tafiya na tambaye shi ko ya yarda, kashegari na sake tambayarsa ko ya sake shawara. Ya sauke amawalinsa daga baki ya yi ta dariya.

"Ka sa shi da ƙarfi, makaɗi marar ganga. Ina so jandarman bariya su ji shi tun kafin su ga mota."

Na so ƙanensa ya kira sunan tunda muryarsa ta fi tawa daɗi. Ya ƙi, ya ce shi ko a gida ba ya kiran sunan wansa gatsau, balle a gaban mikro. Sai na kira da kaina. Direban yana zaune a kan benci bayan labule, ina kira ya amsa da ƙarfi, ya ɓata mana ɗaukan, muka sake. Yadda na tsara abin kuwa shi ne kiɗa ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, sai komai ya ɗauke cak, muryata ta kira sunan a cikin shirun, sannan bugun ya faɗo gaba ɗaya. Haka yake zagayowa sau da yawa kafin kiɗan ya ƙare.

Ba mu taɓa fitar da abin da ya karɓu kamarsa ba. In na tsaya a ƙofar shago ina jinsa daga wajen mai tsire, ina jinsa daga tasha. Wani ya aiko mini da bidiyo daga Tchirozérine, ma'aikatan ramin gawayi suna rawa da shi bayan an tashi aiki, da hulunansu a ka. Mutanen da ba su taɓa ganin direban ba sun san sunansa. Shi kuwa cewa ya yi yanzu in ya tsaya a hanya ba a barinsa ya hura nasa gawayi, kowa kiransa yake shayi.

Da zafi ya shigo, ya dawo daga wata tafiya ba shi da lafiya. Wani ne ma ya tuƙo motar daga rabin hanya. Aka kwantar da shi asibiti, bai daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa.

Na je gaisuwa gidan mahaifiyarsu a unguwar Bukkoki. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ƙarƙashin rumfa, maza suna zaune, yawancinsu Abzinawa, ana magana ƙasa-ƙasa. Na zauna na yi gaisuwa yadda muke yi, na kira sunansa na ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Aka amsa da amin. Amma na ga dattijon da ke kusa da ni ya ja amawalinsa sama har ƙarƙashin ido, wani kuma ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da yatsa. Na ɗauka baƙin ciki ne. Can na sake kiran sunan ina ba da labarin kirkinsa. Sai mai jita ya taɓa gwiwata ya tashi, na bi shi bayan katanga.

A hankali ya gaya mini, ba da faɗa ba. Ya ce su in mutum ya rasu an daina kiran sunansa ke nan. Sai a ce wanda ya tafi, ko ɗan wance, ko mai motar nan. In akwai yaro a dangi mai suna irin nasa, sai a nema masa wani abin kira. Ya ce ba laifina ba ne, wanda ba a gaya wa ba ba zai sani ba. Shekara da shekaru ina Arlit, tare muke cin abinci tare muke salla, amma ban taɓa lura ba, don ban taɓa rasa na kusa da ni a cikinsu ba sai wannan karon.

Muna tsaye a wurin sai ga ɗan kabu-kabu ya shigo layin, ya ɗaure ƙaramar lasifika a kan motonsa. Tun daga kwana na gane bugun. Na tsaya ina jin kiɗan yana hawa, na san abin da ke zuwa, ba ni da yadda zan yi. Daidai ƙofar gidan ya ɗauke, muryata ta kira sunan, moton ya wuce abinsa. Mai jita ya gyara rawaninsa ya koma kan tabarma. Ni kuwa na kasa komawa, ta bayan katangar na zagaya na tafi gida, ban yi wa kowa sallama ba. Ina isa rashin sallamar ma ya zama wani abin damuwar daban.

Tsohuwar ce ta hana ni sakat. Gidanta yana kan layin da ƴan kabu-kabu ke ratsawa zuwa kasuwa. Sai in riƙa ganinta a raina zaune a tsakar gida, sunan da ita da ta haife shi ba za ta furta ba yana shigo mata ta kan katanga safe da yamma, da muryata, a kan kiɗan rawa. Na tabbatar gidan nan ba za su sake son ganina ba. In sun yanke ni, mai jita ya tafi ke nan, ɗakin bayan labule kuma ba shi da sauran amfani. Amma ko wannan bai kai mini tunanin tsohuwar zafi ba.

Kashegari na buɗe aikin na cire sunan. Sai wurin ya zama fanko. Na gwada tafi, na gwada hon ɗin mota, na gwada wani guntun jita daga tsohon ɗauka, duk suka fito kamar faci a sabuwar riga. Daga ƙarshe na bar wurin shiru, ina ganin shirun ya fi ladabi. Na kuma san mutane ba za su goge tsohon don na roƙe su ba, sai in sabon ya fi shi daɗi. Sai na ƙara wa bugun nauyi, na gyara tafin, na tsawaita wurin da aka fi rawa. Gaskiya ya fi na farko.

Daga nan na shiga bin masu zuba kart ɗaya bayan ɗaya, daga kasuwa zuwa tasha zuwa Akokan. Ba na tashi sai na ga da idona an goge tsohon an sa sabon. Akwai wani mutumin Tahoua a Akokan, babban mai zuba kart na can, ya saurare ni har na gama, ya danna ya goge, sannan ya juyo da kujerarsa.

"To ka goge nawa, ɗan Damagaram. Na aljihun mutane hwa?"

Na aljihun mutane ma na bi. Duk wanda ya kawo caji sai na roƙe shi ya bari in canza masa. Na riƙa tsayar da ƴan kabu-kabu a hanya kamar mai neman hawa, in sun tsaya in fara bayani, har wasu suka koma kau da kai in sun hango ni. Na aika da sabon Tchirozérine ta salula. Na ba wani direba kart ya kai Tchibarakaten, na yi ta maimaita masa saƙon har ya ce in ban yarda da shi ba in hau mu tafi tare.

Duk wannan lokaci mai jita bai leƙo shago ba. Jitarsa tana rataye a ƙusa bayan labule, na rufe ta da zane. Na aika masa saƙon murya na gaisuwa, ya amsa a gajarce, lafiya lau, mun gode, Allah ya ba da lada. Na yi ta sake sauraron saƙon ina neman fushi a cikinsa, wani lokaci in ji kamar akwai, wani lokaci in ji babu. Ranar sadakar arba'in matata na aika da shinkafa da sukari, ni na ce kaina na ciwo, kuma da gaske yana ciwon. Da ta dawo na tsare ta da tambaya: wa ya karɓa, da wace fuska, tsohuwar ta ambace ni. Ta ce an karɓa an yi godiya kamar na kowa.

"Maigida, ƙafa gare ka, baki gare ka. Ka je ka tambaye su mana."

Ban je ba. Hanya ma na canza, in zan je gida sai in zagaya ta wajen lambuna don kada in bi Bukkoki. Sauran matasan suna kawo aiki, in buɗe in rufe, ban gama ko ɗaya ba. Bukukuwa kuma na daina karɓa.

A hankali sabon ya fara cin tsohon. In moto ya wuce sai in kasa kunne, in kiɗan ya ɗauke na ji shiru sai in yi ajiyar zuciya. Da na ga haka ne na yarda na karɓi wani biki a Akokan, ɗiyar wani tsohon abokin babana ce za a kai, ba yadda zan ƙi. Aka ɗora lasifiku a amalanke, muka kafa a fili gaban gidajen ma'aikata bayan la'asar. Na yi ta sa wasu kiɗe-kiɗen ina kauce wa wancan. Ƴan mata suka aiko, na yi kamar ban ji ba. Sai yayar amarya ta zo da kanta ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu. Na ce a raina ai babu suna a ciki yanzu, na kunna.

Fili ya cika. Kiɗa ya hau, ya hau, ya ɗauke. A cikin shirun da na bari, jama'ar wurin gaba ɗaya suka kira sunan, baki ɗaya, hannuwa a sama, sannan bugun ya faɗo. Hausawa, Abzinawa, Fulani, ƙananan yara su suka fi kowa buɗe murya. Hannuna yana kan maɓalli amma na kasa kashewa. Ya sake zagayowa suka sake, da ƙarfin da ya fi na farko. Wani saurayi ya zo gumi na zubo masa ya gaya mini a kunne cewa wannan sabon ya fi duk abin da na taɓa yi, tunda yanzu su ke kira da kansu. Ya ce haka ake yi a kowane biki tun da ya fito, har a wajen haƙa. Ni da na ƙaurace wa bukukuwa, ni kaɗai ne ban sani ba.

Ranar ban ci abinci ba. Ba a jima ba kuwa mai jita ya zo shago. Bai shiga bayan labule ba, a gaba ya tsaya inda masu caji ke tsayawa. Muka gaisa, ya ce Inna tana kirana, in na samu hali da yamma. Ya juya ya tafi.

Matata ta ɗaure mini ganyen shayi da sukari a leda. A hanya na yi ta shirya abin da zan ce. Na yanke cewa in ta ce in rufe ɗakin kiɗan zan rufe, in sayar da ordinatar, in tsaya ga caji da wa'azi.

Ƴaƴanta sun gina mata ɗaki na bulo, amma a bukkar tabarmi take zama a tsakar gida, ɗakin ta bar wa buhuna. Ƙaramar tsohuwa ce, shunin zanenta ya rine mata hannu da wuya. Na durƙusa daga bakin bukka, ta ce in shigo daga ciki. Ta tura mini faranti da cuku da dabino. Ta tambayi zafi, ta tambayi gajiya, ta tambayi matata da yara ɗaya-ɗaya. Mai jita yana gefe yana hura gawayin shayi, ya ba mu rabin baya. Da gaisuwa ta ƙare na fara maganar da na shirya, ban yi nisa ba ta ɗaga hannu.

Ta ce kiɗan nan ta san shi tun kafin ya shiga gari. Wanda ya tafi yakan kawo motarsa ƙofar gida ya kunna mata shi har awaki su tsinke igiya. Ta ce ita bai taɓa yi mata daɗi ba, injin niƙa ma ya fi shi tunda shi yana fitar da gari. Sannan ta dube ni.

"Ranar da ka kira shi a cikin akwatinka, yana wurin?"

"Yana wurin, Inna."

"Ya amsa?"

"Ya amsa. Har ya ɓata mana ɗaukan, sai da muka sake."

Ta ɗan yi dariya ta hanci, ta ce shi ke nan halinsa.

"To mai rai ka kira, ɗana. In moto ya wuce abin da nake ji ke nan, Bahaushe yana kiran mai rai, an kulle a akwati. Al'adar nan ta bakinmu ce. Ba mu ɗora ta a kan akwati ba."

Ban yarda kunnena ya ji daidai ba. Ta ce sabon ne ya sa ta kira ni. Ƴaƴan wanda ya tafi suna wurinta, uwarsu tana takaba a gidan iyayenta. Ta ce tana zaune sai ta ji su a bayan bukka suna buga gwangwani, suna yin kiɗan da baki, su tsaya cak, su kira sunan ubansu da ƙarfi, su fashe da dariya. Ta kira babban ta yi masa faɗa, ya ce ai ba shi ya kira ba, waƙa ce. Ƴan matan maƙwabta ma haka, ƴaƴan mutanen da suka san al'ada, in sun je ɗiban ruwa. Da ta bincika aka ce mata mai kiɗan ne da kansa ya cire sunan don ya girmama gidan.

"A da bakinka ne kaɗai. Yanzu ka raba wa gari. Ka mayar da muryarka ta rufe wurin, yara su huta."

Na tambaye ta ko jin sa ba zai riƙa yi mata ciwo ba. Ta ce abin da ke yi mata ciwo ba ya cikin akwatina, kada in ɗauki kayan da ba nawa ba. Ta ce yara ba sa riƙe waƙa, in ina so a manta da wannan in yi musu wata. Daga nan ta juya wajen ɗanta ta yi masa magana mai tsawo da Tamajak. Na ga kafaɗarsa tana motsi, ashe dariya yake yi. Ya ce wai in kwashe shi in tafi da shi, ya zauna mata a gida kamar turmi, ko'ina ta juya sai ta yi tuntuɓe da shi.

Ban san lokacin da na cinye cukun ba. Yunwar kwanaki ce ta taso mini gaba ɗaya. Shayi ya zo na sha, na biyu ya zo na sha. Tsohuwar ta koma saƙar tabarmarta, ta bar mu da hirarmu.

Da mai jita ya rako ni ne na ji nasa ɓangaren. Shi ya kai matar wansa can lambunan iyayenta a cikin dutse, ya dawo ya yi ta fama da mutumin da wan nasa yake tuƙa wa motar, da kayan mutane da suka rage a hanya. Da ya samu kansa sai aka gaya masa ina zagayawa ta lambuna don kada in bi layinsu. Ya ɗauka maganar da ya yi mini a bayan katanga ce ta ɓata mini rai, shi ma ya ji kunyar zuwa. Ya ce ya daɗe yana cewa da ya sani da ya bari sai bayan makoki. Muka tsaya a bakin layi muna duban juna. Na ce masa saƙonsa ne ya yi gajarta. Ya ce yana ƙarƙashin mota lokacin, da sifana a hannu, me nake so ya ce.

Na shiga gida matata tana tankaɗe. Ta dubi fuskata, sai ta ce akwai sauran tuwo. Na ci, na kwanta a tabarma a tsakar gida ko riga ban cire ba, barci ya ɗauke ni yara suna tsallake ni.

Kashegari na mayar da sunan, a kan sabon bugun mai nauyi don kada a ce an rage wani abu. Na sake bin masu zuba kart, wannan karon ana yi mini dariya tun daga ƙofa. Mutumin Tahoua ya bari na gama bayani kamar wancan karon, sannan ya buɗe wani wuri a ordinatarsa ya nuna mini. Tsohon yana nan, wanda ya goge a gabana kwafi ne. Ya ce ya san irina, ya san zan dawo. Da a wata ranar ce da na ji haushi, ranar kuwa lemo na saya masa.

Ba a daina kiran nan take ba. A wasu bukukuwan an ci gaba da kira tare da muryata, sai dai tunda wurin ba fanko ba ne, abin ya rage armashi, yara suka fara gajiya da shi. Mu kuma muka duƙufa. Mai jita ya sauko da jitarsa, ya ce zanen da na rufe ta da shi ya sa ta warin turaren matata, ya ɗaure igiyoyi muka fara. Sabon da muka yi babu inda yake tsayawa, daga farko har ƙarshe a guje yake. Na saurare shi a lasifika, na saurara a salula, na sa matasan su saurara ko akwai wani wuri da mutum zai iya cusa kalma. Suka ce in ƙyale su haka.

Kafin in kai wa masu zuba kart, na sa shi a salula na tafi Bukkoki. Mai jita ya ce ba sai na je ba, na ce zan fi samun natsuwa. Tsohuwar tana tsinkar ganyen zogale a tire. Na kunna mata, ta saurara kaɗan ta ce in kashe.

"Akwai sunan wani a ciki?"

"Babu, Inna."

"To me ya kawo ka? Je ka yi aikinka. In za ka dawo ka zo da matarka, ka bar akwatin a gida."